Mece ce "mallaka"? Amsa ga mai tambaya kan takardar fili, mulkin Turawa da mallakar miji

Wani ɗan'uwa mai koyon aikin fassara ya aiko mini da tambaya. Ya ce cikin mako guda ya ci karo da kalmar "mallaka" a wurare uku da ba su da haɗi: a bakin mahaifinsa da ke neman "takardar mallakar fili", a darasin tarihi inda aka ce "mulkin mallaka", sai kuma a wata talla da ta shigo masa waya ta masu sayar da "maganin mallaka". Yana so ya san ko kalma ɗaya ce, daga ina ta zo, kuma me ya sa wani lauya ya gaya wa mahaifin nasa cewa takardar da yake nema ba za ta sa ƙasar ta zama tasa har abada ba, alhali sunanta takardar mallaka.

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara basira. Kalma ɗaya ce, kuma lauyan gaskiya ya faɗa. Abin da ya rikita ka shi ne kalmar ta ɗauko kaya biyu a gammo ɗaya. Akwai haƙƙi, wato abu ya zama naka, ka sayar in ka so, ka kyautar in ka ga dama, 'ya'yanka su gada bayanka. Akwai kuma iko, wato abu ya kasance a hannunka kana juya shi, ko naka ne ko ba naka ba. Yawanci su biyun tare suke tafiya, shi ya sa ba ma lura da cewa biyu ne. Sai ranar da suka rabu, wannan yana da haƙƙi wancan yana da iko, sannan ake neman alƙali.

Asalin kalmar Larabci ne, daga saiwar nan mai haruffa uku, mimun da lamun da kafun. Daga ita muka samu "mulki", daga ita sunan Abdulmalik ya fito, da sunan Imamu Malik wanda mazhabarsa muke bi a ƙasar nan. A Larabci idan aka ce "malaka", ba shadda, ana nufin mutum ya zama mai abu. Idan aka sa shadda aka ce "mallaka", ana nufin ya mayar da wani mai abu. Bahaushe ya ɗauki siffar mai shaddar, ya ɗora mata ayyukan biyu, ya bar ƙarshen kalma da karin sauti su bambanta su. Wasu ɗalibai sukan sa "malam" a cikin wannan dangi saboda kamannin sauti, to ba ya ciki, shi daga "mu'allim" ya zo.

Idan kana son ganin ma'anonin biyu a wuri guda, ba sai ka je nesa ba, Fatiha ta ishe ka. Almajirin da ya tashi a tsangaya da ruwayar Warshu yana karanta "Maliki yaumid-din", ba ya jan mimun. Yaron da ya yi Islamiyya da ruwayar Hafsu yana karanta "Maaliki", da ja. Duka biyun ƙira'o'i ne ingantattu. Mai ja ɗin ma'anarsa mamallaki, marar ja ɗin kuma sarki. Malaman tafsiri sun daɗe suna bayanin bambancin, kuma kowane Bahaushe zai gane shi da misalin gida. Talakan da ke da akuya ɗaya tasa ce, ya yanka ko ya kai ta kasuwa, amma ba shi da umarni a kan maƙwabcinsa. Sarki kuwa yana da umarni a kan gari duka, amma rigar da ke wuyan talaka ba ta sarki ba ce. Kowannensu rabi ya samu. Allah ne kaɗai ya haɗa su biyun cikakku, shi ya sa a sura ta uku, aya ta 26, aka kira shi "Maalikal mulki", mamallakin mulki, kalmomi biyu daga saiwa ɗaya.

Mu dawo Hausa. Tunda fassara kake koyo, dole kunnenka ya saba da siffofin aikatau ɗin, don a nan ne Hausa ta yi abin da Larabci bai yi mata ba. In ka ce "ta mallaki gida", labari ne mai daɗi, ta saya ko ta gada, a yi mata barka. In ka ce "ya mallaka mata gida", wani ne ya ba ta, ya cire hannunsa. Amma in ka ce "ta mallake gida", maganar ta sauya baki ɗaya. Yanzu ana nufin ta mamaye, ba mai motsi sai da izininta, wataƙila ma gidan ba nata ba ne. Wannan "-e" na ƙarshe shi ne wanda kake ji a tsakanin "ya sayi hatsi" da "ya saye hatsi". Na farko ya sayi abin da zai ci, na biyu bai bar wa kowa ko tiya ba. Matsalar rubutu tana zuwa ne idan wakilin suna ya biyo baya, domin "ta mallake shi" yana iya zama ko wanne. A baki ba a ruɗewa. Idan sautin ya tashi daga ƙasa, ƙasa-ƙasa-sama, mallakar haƙƙi ce, kamar a ce ta mallaki filin. Idan ya tashi daga sama, sama-ƙasa-sama, mamaya ce. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, saboda haka marubuci ne zai gyara jimlarsa yadda mai karatu ba zai ɓata ba.

A nahawun da ake koyarwa a makarantu ma za ka ji "doguwar mallaka" da "gajeruwar mallaka": nawa, naka, tata, namu a gefe guda, sai "-na", "-nka", "-rta" da ake liƙawa a jikin suna. Sunan ya zauna, ba mai canja shi yanzu, amma kada ya ruɗe ka. Wanda ya ce "garinmu" bai mallaki garin ba, garin ne ma ya fi kusa da mallakarsa. Wanda ya ce "mahaifiyata" ko "Ubangijina" dangantaka yake faɗa. Kafin kalmar aro ta shigo, da waɗannan ƙananan kalmomi Bahaushe yake biyan buƙatarsa, da "mai" da "yana da" da "a hannun". Kuma "mai" ɗin ma haka take da fuska biyu: mai shago ya mallaki shagonsa, mai unguwa kuwa riƙo aka ba shi, ranar da hakimi ya ga dama zai karɓe.

Inda na fi so ka tsaya ka yi tunani shi ne wuraren da haƙƙi da iko suka raba hanya, don rayuwarmu cike take da su. Dubi direban adaidaita sahu da aka ba mashin a kan ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Makulli yana aljihunsa, shi ke fita da asuba, shi ya san inda injin ke ƙara, shi ke sayen mai da faci, kullum ko duk mako ya kai balas. Duk unguwa "mashin ɗin wane" ake cewa. Amma takardun suna cikin durowar wanda ya saya, kuma in ya yi fashin biya za a zo a ɗauke. Iko a hannunsa yake, haƙƙi bai iso ba tukuna. Sai ka juya ka dubi maraya. Ubansa ya rasu ya bar masa gida da shanu, shi kuma yana ɗan shekara bakwai. Dukiyar tasa ce tun ranar da aka raba gado, ba ta baffansa ba ce ko kaɗan, amma baffan ne ke juya ta. A sura ta huɗu, aya ta 6, an umarci masu riƙon da su jarraba marayu har su isa aure, in sun ga shiriya a tare da su su miƙa musu dukiyarsu, su kuma kafa shaidu. Da Hausa sai mu ce a jira yaro ya mallaki hankalinsa. Ka ji yadda kalmar ta dawo: yaron ya mallaki shanun tun yana ƙarami, amma ba za a sakar masa igiya ba sai ya mallaki kansa. Yawancin cin dukiyar marayu daga nan yake farawa, mai riƙo ya daɗe yana juyawa har zuciyarsa ta gaya masa nasa ne.

Malaman fiƙihu ba su bar wannan a dunƙule ba. Sun raba mallakar asalin abu da mallakar amfaninsa. Ɗan haya ya mallaki amfanin ɗaki na watannin da ya biya, amma bango da rufi na mai gida ne. Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya ƙara wani rabon a littafinsa Al-Furuƙ: akwai wanda ya mallaki amfani har zai iya ba wani, akwai kuma wanda aka yardar masa ya amfana shi kaɗai, kamar mai zama a sahun masallaci ko ɗalibi a ɗakin makarantar waƙafi, wanda ba shi da ikon sayar da wurin zamansa. Manoman ƙasar Hausa ma suna da nasu kalmomin tun kaka da kakanni, kuma kowace da hukuncinta: gado, saye, kyauta, aro, haya, jingina. A cikin gandu ma, maigida yakan yanka wa ɗansa ko matarsa gayauna su noma wa kansu, abin da suka girba nasu ne, ƙasar kuwa tana nan cikin gandu. Sun san bambancin sarai, shi ya sa suka ce zanen aro ba ya rufe katara, suka kuma ce in mai wuri ya zo mai tabarma sai ya naɗe.

Akwai ranar da ba na mantawa. An kira ni zauren wani dagaci in karanta wata tsohuwar takarda, saboda rubutun ya dushe kuma masu rigimar ba su yarda ɗayansu ya karanta ba. Takardar yagaggiyar shafin littafin makaranta ce, an ninke ta huɗu, an ajiye ta cikin leda a ƙasan adaka shekara da shekaru. Abin da ke ciki layi uku ne: wane ya mallaka wa wane gonarsa ta bakin rafi a kan buhunan gero kaza, sai dangwalen yatsa biyu. Masu dangwalen duk sun rasu. 'Ya'yan wanda ya karɓi gonar suka ce "mallaka" ai saye ke nan. 'Ya'yan mai gonar suka ce jingina ce, shekarar yunwa ce ta sa, kuma ga geron sun kawo. Na karanta sau uku, babu kalmar saye, babu kalmar jingina. Wani tsoho da aka ɗauko a kan amalanke ya ce yana wurin, jingina ce, har an ce duk ranar da aka samu a kawo. Amma shi kaɗai ya rage, kuma yana da dangantaka da ɓangare guda. Gida biyu da suka yi auratayya a tsakaninsu suka daina gaisawa a kan kalma ɗaya da wani ɗan makaranta ya rubuta don ya ga ta fi nauyi a takarda. Tun daga ranar, duk wanda ya ce in rubuta masa yarjejeniya, ba na sa "mallaka" ita kaɗai. Sai in tambaya: sayarwa ce, ko kyauta, ko aro, ko jingina? Abin da aka faɗa shi nake rubutawa da sunansa, da wa'adi in akwai.

Abubuwa biyu daga Risala ta Ibn Abi Zaid suna da amfani a nan, kuma kotunan shari'a na Arewa suna aiki da su. Na farko, kyauta da sadaka da waƙafi ba sa cika sai an karɓa a hannu. In uba ya ce ya mallaka wa babban ɗansa gida, amma ya ci gaba da zama a ciki har ya rasu ɗan bai karɓa ba, gidan ya koma gado. Na biyu shi ne hauzi: wanda ya riƙe gida shekara 10 ana jingina shi gare shi, mai shi yana nan, yana gani, ba abin da ya hana shi magana, bai kuwa yi ba, to ba a sauraren ƙararsa daga baya. Tsakanin dangi da surukai wannan wa'adin bai isa ba, saboda kara da kunya sukan sa mutum ya yi shiru. Kuma wanda aka tabbatar da aro ko haya ko jingina ya shiga, daɗewa ba ta mayar da shi mai wuri. Ka ga a nan shari'a ta yarda iko yana iya zama hujjar haƙƙi, amma ta kewaye shi da sharuɗɗa.

Duk wannan a kan dukiya ne. Da zarar kalmar ta faɗa kan ɗan Adam, sai ta yi nauyi. Tsohuwar ma'anarta a nan bauta ce. Alƙur'ani yana cewa "abin da hannayenku na dama suka mallaka", Larabawa kuma suna kiran bawa "mamluk", wato mallakakke. Da wannan sunan aka san sarakunan da suka mulki Masar daga 1250 zuwa 1517, domin asalinsu bayi ne da aka saya aka horar da su aikin soja. A fadar Kano ma manyan bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sun riƙe ikon da mutane da yawa waɗanda ba bayi ba ba su samu ba. Amma mafi yawan bayi a rinji suke, wato ƙauyen bayi, suna noma, wasu suna biyan murgu don su yi aikin kansu, suna tara kuɗin fansa. Dokar Turawa ta 1901 ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne, ba bawa ba, amma sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Wannan tarihin yana nan maƙale a jikin kalmar, shi ya sa ba a cewa an mallaki mutum a ji daɗi.

Daga nan za ka gane tallar da ta shigo maka waya. "Mallaka" a bakin masu wannan sana'a tana nufin mace ta samu kan mijinta yadda ba zai iya ƙetare maganarta ba, ko da a kan uwarsa ce ko sauran matansa. Jama'a suna da sunayen abin: an shanye shi, ya zama mijin-ta-ce. Ina so in yi adalci a nan. Yawancin matan da ke neman wannan ba mugunta ce ta kai su ba, tsoro ne. Mace tana ganin yadda ake sakin maƙwabciyarta da 'ya'ya biyar a kan abin da bai kai ya kawo ba, tana jin ana shirin yi mata kishiya ba a ko gaya mata ba, sai ta nemi abin da za ta riƙe. Masu tallar da wannan tsoron suke cin abinci, kuma sukan cakuɗa abubuwa biyu da gangan: gyaran jiki da turare da iya girki da iya magana, waɗanda ba wanda ya hana, da kuma aikin boka na binne-binne da barbaɗe a abinci. Na biyun yana da suna a hadisi. Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa "tiwala" cikin shirka, kuma malamai sun fassara ta da abin da ake yi na sihiri don a jawo son miji. Ni abin da ke damuna har da kalmar kanta. Alƙur'ani da ya zo siffanta aure a sura ta 30, aya ta 21, natsuwa ya ambata da ƙauna da jinƙai. Miji bai mallaki matarsa ba, sadaki ba kuɗin saye ba ne, dukiyarta tata ce. Ita ma ba ta mallake shi ba. Inda fiƙihu ya kawo wannan saiwa a babin saki ma, 'yanci take bayarwa: "tamliki" shi ne miji ya mallaka wa matarsa al'amarinta, ya sa sakin a hannunta. Maza da yawa da ke zagin mata a kan maganin mallaka su ma mallakar suke yi da wata hanya, da hana zumunci da riƙe kuɗin cefane da barazanar takarda, sai dai ba a sa wa tasu suna ba.

Wuri ɗaya ne kalmar ke hawa kan mutum ta zama yabo, shi ne idan kansa ya mallaka. "Ya mallaki hankalinsa", "ta mallaki bakinta", "ya kasa mallakar kansa sai hawaye". Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ƙarfi ba a kayar da mutane a kokawa yake ba, mai ƙarfi shi ne wanda yake mallakar kansa lokacin fushi, kuma aikatau ɗin da ke cikin hadisin daga wannan saiwar yake. A nan babu maganar saye ko gado, iko ne tsantsa.

Saura mulkin mallaka, kuma shi ne zai kai mu ga takardar mahaifinka. Duba yadda aka gina sunan: 'ya'ya biyu na saiwa ɗaya aka jera, mulki da mallaka. Mulki kaɗai ba aibi ba ne, kowace al'umma tana da masu mulki. Da aka ƙara masa "mallaka" sai ya zama mulkin da mai yinsa ya ɗauki ƙasar da abin da ke cikinta a matsayin kayansa. Su Turawan Ingila a takardunsu ƙasar kariya suka kira Arewa tun daga 1900, amma abin da Lugga (Lugard), shugabansu a Arewa a lokacin, ya faɗa a Sakkwato a watan Maris na 1903, bayan faɗuwar Kano a watan Fabrairu, bai ɓoye komai ba. Ya ce Fulani sun ci ƙasar da yaƙi sun samu ikon naɗa sarki da tuɓe shi da karɓar haraji da iko da ƙasa, yanzu kuma an ci su, duk wannan ya koma hannun Ingila. A ɗaya gefen iyaka Faransa ta kama Damagaram a 1899, kuma aikin dole bai ƙare a ƙasashen da take riƙe da su ba sai da dokar 1946. Wanda kakansa ya yi dakon kaya a ka ko aka ɗebe shi zuwa haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin duniya na biyu ba ya buƙatar a fassara masa "mallaka" a wannan suna. A ganina sunan da Hausa ta raɗa wa abin ya fi na masu abin faɗin gaskiya.

Maganar ƙasa ba ta tsaya a jawabin Sakkwato ba. A 1910 aka yi dokar da ta sa dukkan filayen Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, ya riƙe su don amfanin 'yan ƙasa, mutane kuma su samu haƙƙin zama da amfani. Bayan 'yancin kai a 1960, gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta tsarin da dokar 1962. Sai a 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa ga Nijeriya duka, bisa kusan wannan tubalin, kuma daga baya aka kafe ta cikin tsarin mulki yadda gyara ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulkin. Sashenta na farko ya ce duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamnan jihar, amana ce yake riƙe wa 'yan Nijeriya. Filayen birni gwamna ke ba da haƙƙin zama a kansu, na karkara kuma ƙaramar hukuma. Waɗanda suke riƙe da filayensu tun kafin dokar an ɗauke su a matsayin masu wannan haƙƙi ko ba su da takarda.

To takardar da mahaifinka yake nema, wadda ake kira C of O (Certificate of Occupancy), in ka fassara sunanta kalma da kalma, shaidar zama ce a wuri. Babu "mallaka" a cikin sunan. Mu ne muka sa mata, don ita ce kalma mafi kusa kuma mafi daɗin ji. Abin da take ba mahaifinka yana da ƙarfi ƙwarai: ba wani mutum da zai zo ya tashe shi haka kawai, zai gina, zai ba da haya, banki zai karɓe ta jingina, magadansa za su gada. Amma tana da wa'adi, ga filin gida yawanci shekara 99 ake rubutawa. Akwai kuɗin ƙasa da ake biya. In zai sayar ko ya jinginar, doka ta ce sai da amincewar gwamna. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin saboda buƙatar jama'a, kamar hanya ko asibiti, kuma diyyar da ake biya ta abin da aka kafa ce a kai, gini da shuka da makamantansu, ba ta ƙasar kanta ba. In kuma aka samu ma'adini ko man fetur a ƙarƙashin filin, tsarin mulkin 1999 ya ce na gwamnatin tarayya ne. Da harshen malaman fiƙihu, abin da ke hannunsa ya fi kusa da mallakar amfani mai dogon wa'adi, ginin da ya yi a kai kuwa nasa ne. Wannan shi ne abin da lauyan yake nufi.

A aikinka na fassara za ka riƙa haɗuwa da wannan kullum, musamman a labaran kotu da na 'yan sanda. An saba rubuta "an kama shi da laifin mallakar bindiga ba bisa ƙa'ida ba". Sau da yawa abin da doka ta tuhume shi da shi shi ne an same shi da ita, ko tasa ce ko ajiya aka ba shi ko ɗan aike ne. "An same shi da bindiga ba tare da izini ba" ya fi daidai, kuma bai yanke wa mutum hukuncin da alƙali bai yanke ba. Haka in 'yan bindiga suka mamaye ƙauye, kada ka rubuta sun mallaki ƙauyen, ka ce sun ƙwace iko da shi, don mutanen da suka gudu ba su sayar ba. A labarin kamfani ka raba masu hannun jari, waɗanda su ne mamallaka, da shugabannin da ke gudanarwa. "Haƙƙin mallaka" na marubuta da mawaƙa da 'yan fim kuwa ya zauna daidai: wanda ya sayi littafi ya mallaki kwafin da ke hannunsa, ya ara wa wanda ya so, amma bai mallaki ikon buga shi ya sayar ba.

Ka gaida mini Baba. Ka ce masa ya ci gaba da neman takardar, ta fi rashinta nesa ba kusa ba. In ta fito, ku zauna tare ku duba sunan da aka rubuta ko ya yi daidai da na katinsa, da ranar da wa'adin ya fara, da yawan shekarun, da abin da aka ce za a yi da filin, gidan zama ne ko kasuwanci, da lambar filin da taswirar da aka liƙa. Tsohuwar takardar cinikin da ya sayi filin da ita, mai sa hannun mai unguwa da shaidu, kada ya yar da ita don sabuwa ta zo. Ya haɗa su wuri ɗaya, ya ɗauki hotonsu a waya, ya kuma nuna wa manyan 'ya'yansa inda ya ajiye.